Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ƙaramin Samfurin Igwar Karl

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga bakin masu haɗa ƙananan samfuran kayan yaƙin tarihi idan suka buɗe kwalin igwar Jamus da ake kira Karl-Gerät a karon farko, suka tarar da ɗaruruwan ƙananan sassan roba da takardar umarni mai shafuka da yawa. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata an nuna hakan.

Mece ce igwar Karl, kuma me ya sa ake cewa tana tafiya da kanta?

Karl babbar igwa ce da kamfanin Rheinmetall ya ƙera wa sojojin Jamus domin fasa kagarun kankare, aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. An fara tunaninta a shekarar 1936, lokacin da Jamusawa suke neman abin da zai iya huda kagarun Maginot da Faransa ta gina a kan iyakarta, kuma an raɗa mata sunan Janar Karl Becker, wanda ya tsaya a kan aikin. Ba ta shirya ba sai bayan faɗuwar Faransa, saboda haka ba ta taɓa yin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ba. A gabas aka fi amfani da ita: a kagarar Brest a watan Yunin 1941, a Sevastopol da ke Kirimiya a watan Yunin 1942, sannan a birnin Warso a watan Agustan 1944.

Ana cewa tana tafiya da kanta ne domin an ɗora ta a kan gangar jiki mai sarƙa irin ta tankar yaƙi, da inji mai ƙarfin doki 580. Sai dai tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, domin nauyinta ya kai tan 124, gudunta kuma bai wuce kilomita 10 a awa ba. Amfanin injin shi ne ta matsa daga inda aka sauke ta zuwa wurin harbi, ta kuma juya ta fuskanci abin da za ta harba, tunda bututun ba ya karkata gefe fiye da digiri 4 a kowane ɓangare.

Guda nawa aka ƙera, kuma dole ne in zaɓi ɗaya takamaimai?

Bakwai kacal aka ƙera. Shida daga ciki an miƙa su ga sojoji tsakanin Nuwamban 1940 da Agustan 1941, kowacce da lambarta da sunanta: ta farko Adam, ta biyu Eva, sai Odin da Thor a matsayin ta uku da ta huɗu, ta biyar Loki, ta shida Ziu. Daga baya an sauya wa Adam suna zuwa Baldur, Eva kuma ta koma Wotan. Ta bakwai ta gwaji ce.

Wannan ƙarancin shi ne ya bambanta aikin Karl da aikin tankar da aka ƙera dubbanta. Mai haɗa irin waccan tanka yana iya cewa samfurinsa na wakiltar ɗaya daga cikin dubbai, ba wanda zai iya ƙaryata shi, amma mai haɗa Karl ba shi da wannan mafaka. Da zarar ya manna sunan Thor a jiki, to ya yi alkawarin cewa tayoyin da bututun da launin duk na Thor ne, a wani lokaci sananne. Shawarata ita ce, kafin ka yanke ko da sashe ɗaya daga jikin firam, wato robar da sassan suke maƙale a jikinta, ka yanke hukunci a kan abubuwa uku: wace igwa ce, a wace shekara, kuma a wane hali take, wato tana harbi, tana tafiya, ko tana rataye a kan jirgin ƙasa. Ka nemi hoto ɗaya ko biyu na lokacin yaƙin da suka nuna haka, ka buga su, ka kafe a bango gaban teburinka. Mafi yawan tambayoyin da ke biye, hoton nan ne zai amsa maka su.

Wane ma'auni ya fi dacewa?

Igwar ta ainihi tsawonta mita 11.15 ne, faɗinta mita 3.16, tsayinta a halin harbi kuma mita 4.38. A ma'aunin 1/35 samfurin zai fito da tsawon kusan santimita 32, faɗin santimita 9, da tsayin santimita 12 da rabi. A ma'aunin 1/72 tsawon zai koma santimita 15 da rabi, a 1/144 kuma bai kai santimita 8 ba.

Wanda yake son ganin kowane noti da kowace makama sai ya ɗauki 1/35, ya kuma shirya wa aikin watanni. Wanda wurin ajiyarsa ƙarami ne, ko yake son ya nuna igwar tare da taragunta, 1/72 ya fi masa sauƙi. Dalilin yana cikin amsar da ta shafi layin dogo.

Waɗanne kamfanoni ne suke yin kwalinta?

A ma'aunin 1/35 akwai na Trumpeter da na Dragon. A 1/72 akwai tsohon kwalin Hasegawa da kuma na HobbyBoss. Abin lura shi ne kowane kamfani yana fitar da igwar iri-iri, wani kwali da tsohon tsarin tayoyi, wani da sabon tsari, wani da gajeren bututu, wani da dogo, wani kuma har da taragun jirgi. Saboda haka kada ka sayi kwali domin hoton da ke bayansa ya burge ka. Ka fara zaɓar igwarka kamar yadda aka bayyana a sama, sannan ka nemi kwalin da ya dace da ita, ka kuma duba hotunan sassan da ke ciki kafin ka biya kuɗi.

Waɗanne kayan aiki nake bukata kafin in fara?

Ba su da yawa: ƙaramar filaya mai kaifi ta yanke sassa, wuƙa mai sabuwar reza, hantsaki, ƙananan magagarai, samfefa daga lamba 400 zuwa 1000, foti na cike giɓi, da gam iri biyu. Na farko shi ne gam mai ruwa-ruwa na roba, wanda yake narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya. Ana haɗa sassan tukuna, sannan a taɓa bakin burushi a kan layin, gam ɗin ya bi da kansa. Na biyu shi ne sufa gulu, wanda ake amfani da shi a kan ƙarfe da tagulla kawai, domin gam ɗin roba ba ya kama su. Injin feshin fenti yana da amfani ƙwarai a kan jiki mai faɗi irin wannan, amma mai haƙuri zai iya yin aiki mai kyau da burushi idan ya tsinka fentin ya shafa shi sau uku ko huɗu.

Tayoyi takwas ko goma sha ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kayar da mutane. Adam da Eva, wato ta farko da ta biyu, suna da tayoyi takwas a kowane gefe masu roba a bakinsu. Daga ta uku zuwa ta shida an sauya tsarin, aka koma tayoyi goma sha ɗaya na ƙarfe zalla a kowane gefe. Bambancin bai tsaya a yawan tayoyi ba, ya shafi ƙananan tayoyin da ke tallafe da sarƙa ta sama da kuma surar gefen jikin, don haka ba a mayar da wani iri zuwa wani da ɗan gyara.

Akwai wani abu da ya daɗe yana rikitar da masu bincike. Igwar Karl guda ɗaya ce ta rage a duniya, tana gidan tarihin Kubinka kusa da Mosko, kuma shekaru da dama sunan Adam ne rubuce a jikinta. Amma tayoyinta goma sha ɗaya ne, kuma an tabbatar Ziu ce, wadda sojojin Tarayyar Sobiyet suka kama a 1945. Duk wanda ya kwaikwayi hotunan wancan lokacin na gidan tarihin ba tare da sanin haka ba, zai fito da samfuri mai sunan wata igwa a jikin wata. Hotunan Kubinka suna da matuƙar amfani wajen ganin surar ƙarfe da walda da notuna, amma ba hujja ba ne a kan suna ko launi.

Wane bututu zan saka, kuma yaya zan ɓatar da layin da ke tsakiyarsa?

Bututu iri biyu ne. Na asali, wanda ake kira 040, faɗin bakinsa santimita 60 ne, gajere ne kakkaura, yana jefa harsashi mai kilo 2,170 zuwa nisan da bai kai kilomita huɗu da rabi ba, ko mai kilo 1,700 zuwa kusan kilomita shida da rabi. Domin wannan nisa ya yi kaɗan, har igwar tana shiga inda makaman abokan gaba za su iya samunta, aka ƙera 041 mai santimita 54, wanda ya fi tsawo ƙwarai, yana kai harsashi mai kilo 1,250 kimanin kilomita 10. Dogon bututun ya zo ne a ƙarshe-ƙarshen yaƙi, saboda haka ba shi da wuri a samfurin Brest ko Sevastopol, kuma Ziu ma da gajeren ta yi harbi a Warso. Mai son dogon bututu, Loki ce ta fi masa sauƙi, domin akwai hotunanta da shi bayan sojojin Amurka sun kama ta a 1945. A ma'aunin 1/35 ramin gajeren bututu ya kamata ya zama milimita 17, na dogon kuma milimita 15 da ɗan ɗori.

Idan bututun ya zo a ɓari biyu, to layin haɗinsu ne abu na farko da ido zai kama, domin bututun shi ne fuskar samfurin. Ka shafa gam mai ruwa sosai, ka matse ɓarin biyu har narkakkiyar roba ta ɗan bulbulo ta layin, ka ɗaure da kyauro, ka bar shi kwana biyu cif. Daga nan ka kankare abin da ya bulbulo da bayan reza, ka naɗe samfefa a jikin bututun kana juya shi, kada ka goga a wuri ɗaya, in ba haka ba za ka daddale da'irar ta koma mai kusurwa. Na taɓa gaggawa na goge bayan awa uku kawai. Layin ya ɓace a ranar, amma bayan mako guda da fenti ya bushe sai ya dawo kamar zare, domin robar ta ci gaba da motsewa a ƙarƙashi.

Ka leƙa cikin bakin ma. Rami mai faɗin milimita 17 ana ganin cikinsa daga nesa, kuma dole a ga layukan da suke murɗa harsashi. Wanda kwalinsa bai fitar da su da kyau ba yana iya sayen bututun alminiyam da aka gurza a injin, wanda ba shi da layin haɗi kwata-kwata. Sai dai yana da nauyi, don haka a ƙarfafa maƙallansa, a kuma manne shi a kusurwar da aka zaɓa.

Ina ne gaban motar, ina ne bayanta?

Ɓangaren da injin da direba suke shi ne gaba, bututun kuwa baya yake kallo. Da baya-da-baya igwar take shiga wurin harbi, domin idan an gama ta fice kai tsaye ba tare da juyawa ba. Wannan yana da muhimmanci a wurare biyu: wajen ɗora sarƙa ta fuskanci inda ya dace, da wajen zana sawun sarƙa a ƙasan da za ka ɗora samfurin.

Mene ne bambancin halin harbi da halin tafiya?

A nan ne samfuri yake zama gaskiya ko ya zama zato. Karl ba ta harbi tana tsaye a kan tayoyinta. Idan ta isa wurin da aka daddale mata, ana juya sandunan ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin ta hanyar giya, sai gangar jikin ta sauko ta kwanta a ƙasa, domin ƙasa ta shanye ƙarfin harbin maimakon tayoyi. Saboda haka samfurin da bututunsa yake sama a halin harbi, amma akwai sarari tsakanin cikinsa da ƙasa, ya haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Idan ka zaɓi harbi, hannuwan tayoyin za su ɗaga sama, cikin motar ya taɓa ƙasa, sarƙar kuma ta saki. Wasu kwalaye sun ba da zaɓi a kan haka, wasu kuma sai ka yanke hannuwan ka sake manne su a sabuwar kusurwa. In za ka yi haka, ka ɗora jikin a kan gilashi ko wani abu mai santsi har gam ya bushe, domin duk tayoyin su zauna a layi ɗaya.

Bututun ma yana da ƙa'idarsa. Ana ɗura harsashi ne kawai idan bututun yana kwance sambal, sannan a ɗaga shi zuwa tsakanin digiri 55 da 70 a harba, a sake kwantar da shi, a sake ɗurawa, a sake saiti. Wannan ne ya sa harbi ɗaya yake cin kimanin minti goma. To ga abin da hakan yake nufi a kan teburinka: idan kana son nuna sojoji suna tura harsashi daga kan tire zuwa gindin igwar, dole bututun ya kwanta, gindin kuma ya kasance a buɗe. Idan kana son bututun ya kalli sama, to gindin a rufe yake, tiren ba komai a kansa. Kusurwa irin digiri 30, wadda mutane da yawa suke zaɓa domin tana da kyan gani, ba ta harbi ba ce kuma ba ta ɗuri ba ce.

A halin tafiya kuwa jikin yana sama, bututun a kwance, sarƙar a ɗame. Ka duba amsar da ta shafi dandamali, domin su ma suna sauyawa.

Yaya zan haɗa sarƙa ba tare da ta karkace ba?

Idan sarƙar ta zo ƙwaya-ƙwaya, ka fara tsabtace dukkan ƙwayoyin kafin ka manna ko ɗaya, ka kuma ƙirga su ka raba gida biyu. Ka jera kimanin ashirin a jikin rula domin su miƙe, ka bi su da gam mai ruwa, ka jira minti ashirin zuwa talatin. A wannan lokaci sun kama juna amma ba su sandare ba, sai ka lanƙwasa su a kan taya mai haƙora ko ta ƙarshe. Ka bar sarƙar kowane gefe a ɓari biyu, na sama da na ƙasa, kada ka manne ta da tayoyin, domin ka iya cirewa ka yi mata fenti daban. Yawan sakin da za ka ba ta ya danganta da halin da ka zaɓa a amsar da ta gabata.

Dandamali da makaman hannu suna ta karyewa. Akwai dabara?

A gefe biyu na igwar akwai dandamalin da ma'aikatanta suke tsayawa, da shingen ƙarfe siriri da tsani. A samfuri su ne mafi rauni, kuma su ne suke ba shi kamanninsa. Kada ka yanke siririn sashe da filaya dab da jikinsa, domin matsin yana karya shi. Ka yanke firam ɗin nesa tukuna, sannan ka rage da reza a hankali. Idan shingen ya karye ko ya yi kauri fiye da kima, ka sake shi da wayar tagulla mai kaurin rabin milimita zuwa milimita ɗaya, ka lanƙwasa a kan zanen da ka yi a takarda domin duka su yi daidai.

Ka haɗa dandamalin daban, ka yi musu fenti daban, ka ɗora su a ƙarshen aiki. Ka kuma lura da hotonka, domin a wurin harbi a buɗe suke, amma idan za a ɗora igwar a jirgi ba a barinsu haka, saboda faɗin hanya.

Wane launi zan shafa?

Shekarar da ka zaɓa ce take yanke hukunci. Daga 1941 zuwa farkon 1943 motocin yaƙin Jamus ruwan toka mai duhu ne, mai lamba RAL 7021, don haka Thor ko Odin na Sevastopol wannan launin ne tushensu. Daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, RAL 7028, wanda ake iya ƙara masa kore, RAL 6003, da ja mai ruwan ƙasa, RAL 8017, domin ɓadda kama. Tsarin dabbare-dabbaren da wurin da aka rubuta sunan igwar sai a bi hoto, domin ba su zama iri ɗaya ba daga wata igwa zuwa wata.

Ka wanke sassan da ruwan sabulu, ka fesa fentin share fage mai laushi, wanda zai tona maka duk wani layi ko rami da ka manta. Ruwan toka mai duhu idan aka shafa shi kai tsaye daga kwalba a kan ƙaramin abu yakan fito kamar baƙi, ya haɗiye duk ƙananan sassan da ka sha wahala a kansu. Ka ɗan sirka shi da toka mai haske a fuskokin da ke kallon sama, ka bar shi da duhunsa a ƙarƙashi. Kafin manna sitikar suna ka shafa banish mai sheƙi a wurin domin kada iska ta maƙale a ƙarƙashinta ta yi fari, bayan ta bushe kuma ka rufe komai da banish marar sheƙi.

Nawa ne daidai na tsatsa da datti?

Kaɗan ƙwarai. Waɗannan igwoyi shida ne a hannun rundunar gaba ɗaya, kowacce da mutum ashirin da ɗaya a kanta, kuma mafi yawan rayuwarsu a ma'ajiya ko wurin gyara suka yi ta. Ba su yi watanni suna ratsa taɓo ba. Abin da ya dace a gani shi ne ƙura a kan tayoyi da ƙasan jiki, gogewar fenti a kan dandamali da matakan tsani inda takalma suke bi, maiƙon giris a wuraren da ƙarfe yake zamewa a kan ƙarfe, da sheƙin ƙarfe tsirara a gindin igwar da kan tiren ɗuri. Domin wannan sheƙi, ka goga bakin fensir a samfefa, ka ɗebi garin da ɗan yatsa ka shafa. Bakin tayoyin ƙarfe na irin baya ma haka yake, a goge yake, ba baƙi ba kamar roba. Tsatsa kuwa wurinta bututun hayaƙi da lungunan sarƙa.

Shin sai na haɗa motar harsasai da sojoji?

Ba dole ba ne, amma in babu su mai kallo ba zai gane girman abin ba. Harsashi mai fiye da tan biyu ba ya ɗaukuwa da hannu, saboda haka aka gyara gangar jikin tankar Panzer IV guda 22, aka cire musu hasumiyar bindiga, aka saka akwati mai ɗaukar harsashi huɗu da injin ɗaga kaya. Kowace igwa tana da biyu ko uku. Idan kana nuna ɗuri, motar za ta tsaya dab da gefen igwar inda hannun injin zai kai kan tire, kuma igiyar da ke riƙe da harsashi ta miƙe tsaf saboda nauyi. Zare yakan yi laushi ya lanƙwashe, don haka siririyar waya da aka murɗa ta fi.

A ma'aunin 1/35 mutum santimita 5 ne, babban harsashin kuwa ya haura santimita 7. Soja ɗaya tsaye kusa da harsashi ya isa ya nuna wannan. Ba sai ka jera ashirin da ɗaya ba. Biyar ko shida da kowannensu yake yin wani aiki sananne sun fi taron da ke tsaye kawai.

Ina son in nuna ta a kan layin dogo. Me ya kamata in sani?

Doguwar tafiya a jirgin ƙasa take yi. Ba a ɗora ta a kan tarago, ana rataye ta ne tsakanin taragu biyu na musamman, kowanne da jerin ƙafafu biyar, wasu manyan hannuwan ƙarfe suna riƙe da ita gaba da baya, sarƙarta tana lilo sama da dogo. A ma'aunin 1/35 wannan jeri yana neman kusan mita guda na wuri, kuma duk nauyin samfurin yana kan maƙallai huɗu. Idan ka saka bututun alminiyam, ka huda maƙallan ka zura musu sandar tagulla, domin roba kaɗai tana iya lotsawa a hankali. Ka kuma ɗora dogon a kan katako mai kauri da ba zai gantsare ba.

Zan iya nuna Ziu a Warso? Ba laifi a yi samfurin irin wannan makami?

Ziu ta isa Warso ranar 17 ga Agustan 1944, makonni biyu da 'yan kwanaki bayan mutanen birnin sun tashi a kan mamayar Jamus, aka girke ta a lambun Sowiński da ke unguwar Wola. A can ba kagarar soja ta harba ba, birni ta harba, mai cike da gidaje da mutanen da suka ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. Ranar 28 ga watan aka ɗauki sanannen hoton nan na harsashi yana fashewa a saman benen Prudential, wanda ya fi kowane gini tsawo a birnin a lokacin. Harsasai da dama ba su fashe ba, domin an yi su ne su daki kankare mai kauri.

Ni a ganina ba laifi a haɗa samfurin, kuma hotunan Ziu na wannan lokaci suna daga cikin mafi bayyana da ake da su. Amma na fi son mai haɗawa ya san abin da yake nunawa, ya kuma faɗe shi. Idan ka yi ɗan allo a gaban samfurin, kada ka tsaya a nauyi da faɗin baki, ka rubuta wurin da ranar da abin da aka harba. Ta fuskar aiki kuwa, ƙasan da za ka ɗora ta na lambu ne, ciyawa da ƙasa da bishiyoyi, domin igwar tana nesa da ɓaraguzan da harsasanta suka yi. Tayoyi goma sha ɗaya ne, bututun gajere ne, tushen launin kuma rawaya.

Yaya zan kare aikin daga zafi da ƙura?

Wanda yake aiki a ƙasa mai zafi yana da matsalolin da takardar umarni ba ta ambata ba. A bazara fentin ruwa yana iya bushewa a iska kafin ya isa jikin samfurin, sai ya fito da kaushi kamar yashi. Maganinsa a ƙara tsinka shi, a matso da bakin feshin, a kuma yi aikin da sassafe. A damina banish yakan yi hazo-hazo idan an fesa shi ranar da iska ta jiƙe. Hunturu kuwa ya fi su duka wahala. Na taɓa fesa wa gangar jiki ruwan toka da yamma, na bar ta a kan tebur kusa da taga a rufe, da safe na tarar ƙura ta bi ta ƙarƙashin tagar ta zauna a kan ɗanyen fentin, sai da na goge gefe guda gaba ɗaya na sake. Tun daga ranar nake kifa babbar roba mai tsabta a kan duk abin da na fesa, in ɗan ɗaga bakinta da ashana domin iska ta shiga.

Kada ka bar kwali ko samfuri a cikin mota ko a inda rana take dukan taga, domin dogayen sassa irin gefen jiki da dandamali suna gantsarewa. Idan aikin ya kammala, ka ɗaure shi a kan katakonsa da siririyar waya ta ƙarƙashin sarƙa, ka sa a yanka maka akwatin gilashi da ya fi shi da santimita biyar a kowane gefe, ka riƙa ɗaukarsa ta katakon. In ƙura ta shiga duk da haka, ka share ta da burushi mai laushi irin na kwalliya, daga sama zuwa ƙasa, kana kauce wa shingen dandamali.